Ba ruwan ne ya kusa cinye ni ba

Ranar wata Laraba bayan la'asar ɗan yayata ya faɗo shago, waya a hannu, ko gama sallama bai yi ba ya miƙo mini ita. Ina tsaye a teburin yanka, alli a bayan kunne, na shimfiɗa shaddar wani bawan Allah da ya rantse ranar Juma'a zai saka ta.

"Kawu, ka gani? Babban Banki ya rage kuɗin ruwa. Yanzu kam ai sai ka tsaya mini."

Na ce ya bari in fitar da hannun riga tukuna, don almakashi da lissafin kuɗi ba sa zama a kai ɗaya. Da na gama na karɓi wayar. Bai yi ƙarya ba. A zamansu na watan Satumbar 2025 sun sauko da ma'aunin ruwa daga kashi 27.5 zuwa kashi 27 cikin 100, kuma rabon da a rage shi tun 2020. Na zaro allin na rubuta masa a gefen tebur: rabin kashi ɗaya na naira miliyan ɗaya, a shekara guda cur, naira 5,000 ke nan.

"Ga abin da ya taso ka a guje tun daga Gwammaja," na ce masa. "Ko kuɗin ɗinkin kaftani ɗaya bai kai ba a shagon nan."

Ya yi shiru yana kallon allin. Wata biyu ke nan yaron yana bina in tsaya masa garanto a wani ƙaramin banki, irin waɗanda ake kira maikurofainans. Firiza mai amfani da hasken rana yake so ya saya, da faranti da batir, ya riƙa sayar da ƙanƙara da ruwan leda da lemo a ƙofar gidansu. Sana'ar ba ta da laifi, shi ma yaron ba malalaci ba ne. Duk sanda ya zo sai in ce masa ya dakata, shi kuwa ya ɗauka tsadar ruwa nake gudu, tunda ita ake ta faɗa a rediyo. Abin da na gaya masa a yammacin nan, da wanda kwastoma suka hana ni ƙarasawa, shi na zauna na rubuta.

Na san akwai wanda tun daga nan zai ce, Malam, ai magana ta ƙare, ruwa haramun ne ko kashi ɗaya ne. Ba ni da ja. Ayar tana nan cikin Baƙara, an halatta ciniki an haramta riba, ni kuma tela ne, ba na ba da fatawa. Wanda ya ce ba zai taɓa bashi da ruwa ba ko da shagonsa zai rufe, wallahi ina ganin girmansa, ni ma yau a wajen nake ƙoƙarin tsayawa. Sai dai ko ba ka taɓa taka ƙofar banki ba, tsadar kuɗi tana biyo ka har cikin shago. Tana cikin bambancin farashin hannu da farashin bashi a Kantin Kwari, tana cikin ribar da bankin Musulunci zai ɗora a kan kayan da ya saya maka. Lissafin ya shafi mai cin bashi da ruwa, ya shafi mai gudunsa.

Bashi mafi araha da na taɓa gani a rayuwata shi na ci a 2021, kuma shi ne ya hana ni barci. Lokacin korona ta lafa, gwamnati na fitar da rance ta hannun bankuna don a tayar da ƙananan sana'o'i. Tun watan Maris na 2020 Babban Banki ya rage ruwan irin waɗannan rancen nasa daga kashi 9 zuwa kashi 5. A layinmu a nan Fagge babu hirar da ake yi sai ta cike fom da wane ne kuɗinsa suka faɗo. Na yi wa kaina irin fatawar da mutane da yawa suka yi wa kansu a lokacin: kuɗin gwamnati ne, haƙƙinmu ne, ɗan abin da aka ɗora kuɗin hidima ne. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na sa hannu.

Naira miliyan 3 suka faɗo. Abin da ban gane ba sai bayan shekara biyu shi ne kuɗin sun riga buƙatar zuwa. Babu aikin da nake mayarwa don rashin kayan aiki, babu kwastoman da ke jira. Kuɗi ne suka zo da araha, sai na shiga neman inda zan sa su. Na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi injin monogiram mai kai ɗaya, ɗan Chana, na hannu.

Sallar farko kam mun sha daɗi. Ka soka filashi, ka zaɓi zane, ka ɗaure wuyan riga a firam, ka danna, allura ta shiga sauka kamar ruwan sama a kan kwano. Aikin da mai surfani zai kwana biyu a kansa, kafin azahar an cire shi an ɗaura wani. Yaran unguwa har leƙe suke zuwa yi ta taga. Na manta ba ni kaɗai na cike fom ɗin ba. Kafin Babbar Sallah irin injin nan guda huɗu ne a layin, kowa na karya farashi don ya samu na zubin wata. Bayan Sallah kuwa kasuwa ta kwanta yadda ta saba kwanciya tun muna yaran shago, sai ɗan aikin biki jefi-jefi. Yaron da ya iya zana aiki a kwamfuta, wani ya ƙara masa kuɗi ya ɗauke shi.

Sai ga ranar 29 ga Mayun 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, shi kuwa injin nan ba ya son wuta mai rawa, in ba janareta ba sai dai a zauna. Ranar da na yi ganganci na jona shi da wutar gari don in yi tsimin mai, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona allon da ke cikinsa. Kayan gyaran da dala ake sayo shi, ita kuma dala tun da aka sake ta a watan Yuni ta kama hanya daga wajen 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wata huɗu injin yana lulluɓe da tsohon zanin uwargida.

Shi kuwa zubi bai san an lulluɓe inji ba. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A duba lissafin da kyau: ko da ruwan ya koma kashi 9 daga baya, abin da yake ci a wata bai wuce naira 20,000 da ɗoriya ba, yana ma raguwa. Uwar kuɗin ce, naira 80,000 da 'yan kai duk wata, ta zame mini ƙarfen ƙafa. Na kai inda nake ɗaukar kafin alƙalamin da kwastoma ya ba ni na zare da maɓalli in kai banki, sannan in jira wani ya kawo nasa in yi aikin na farkon. Mutane na cewa tela maƙaryaci ne. A shekarar nan na ba su gaskiya.

Yadda na fita ba dabarata ba ce. Dalar da ta hana ni gyara ita ce ta ɗaga farashin injin. Na lallaɓa na gyara shi, na sayar a 2024 da naira fiye da yadda na saye shi, na biya sauran bashin na huta. In a lissafin biro ne ban faɗi ba. Amma nairar da na karɓa ba ita ce wadda na kashe ba, kuma akwai dattawa biyu, abokan mahaifina, da har yau ba su sake kawo mini ɗinki ba.

Bari kuma in ba ku na biyun. Akwai wani Alhaji a Kwari da muka fi shekara goma muna hulɗa. Saura mako biyu a kama azumin 2025 na je wurinsa na ce ina son shadda da yadi na ɗinkakku, kaftani na yara da na samari, irin waɗanda ake rububi a goman ƙarshe.

"Kuɗi hannu miliyan ɗaya ne," ya ce, yana jan carbi, bai ko ɗago ba. "In kuma sai bayan Sallah ne, miliyan ɗaya da dubu tamanin."

"Alhaji, a duba dai. Ai ni na gida ne."

"Don kai na gida ne ma na ce tamanin."

Ba fom, ba garanto, sai littafinsa mai baƙin bango da yaronsa ya rubuta sunana a ciki. Wannan ciniki ne, kaya aka sayar mini a kan farashi ɗaya da muka tsayar kafin in tashi, kuma malamai da yawa sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na hannu. Amma in lissafi zalla za a yi, kashi 8 cikin mako shida, a shimfiɗa shi a shekara, ya kusa kashi 70. Ya ninka ruwan bashin injina sau bakwai har da ɗori.

Ban rasa barcin dare ɗaya a kansa ba, in ban da wanda aikin Sallah ya saba cinye wa kowane tela. Na san masu sayen kayan, wasu ma sun riga sun yi magana. Na san abin da kowace riga za ta bari bayan an cire yadi da zare da ladan yara da mai. Kwana uku bayan Sallah na kai wa Alhaji kuɗinsa cif, na dawo da abin da ya ninka dubu tamanin ɗin nan sau uku a aljihu. Da na ce sai na tara miliyan ɗaya kuɗi hannu don in tsira da dubu tamanin, da Sallah ta zo ta wuce ina tarawa.

Tun daga nan na daina ɗaukar adadin ruwa kamar shi ne komai. Ba ya gaya maka abin kirki sai ka gwada shi da wani lissafin: sau nawa kuɗin za su juya kafin ranar biya, kuma me suke bari a kowane juyi. Mai shayin da ya ari naira 50,000 ya sayi madara da burodi da ƙwai, kuɗinsa kusan kullum suke dawowa. Ko an ɗora masa kashi 5 a wata, naira 2,500 ce, ribar kwana ɗaya ko biyu ta share ta. Wanda ya ari miliyan 10 ya gina shago ko ya sayi inji kuwa, kuɗinsa sun kwanta, a hankali za su riƙa ɗigowa shekara da shekaru, shi kuma ruwa ba ya hutun Sallah. Kowane kashi ɗaya yana ci masa naira 100,000 a shekara, don haka shi ne ya kamata ya zauna ya ja ciniki a kan ruwan nan kamar mai sayen sa a kasuwar Wudil. Haka 'yan sarin kasuwar Singa. Kuɗinsu na juyawa da sauri, amma abin da ke tsakanin saye da sayarwa a kowane katan bai taka kara ya karya ba, da yawan ciniki suke rayuwa. In ruwa ya cinye ɗan siririn abin nan, to banki suke yi wa dako.

Akwai kuma wani layi a takardun manyan bankuna da mutane ba sa karantawa, mai cewa ruwan zai iya canzawa in kasuwar kuɗi ta canza. A 2024 aka san aikinsa. Shekarar ta shigo ma'aunin Babban Banki yana kan 18.75. A Fabrairu, a zaman farko ƙarƙashin gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, aka cilla shi 22.75 a tashi ɗaya, aka yi ta ƙari a kowane zama, sau shida gaba ɗaya, ya tsaya a 27.5 a Nuwamba. Hujjarsu ita ce a sa kuɗi su yi tsada ko hauhawar farashi ta rage gudu, ita kuwa sai da ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. A cikin haka aka ce manyan bankuna su ajiye rabin kuɗin da jama'a suka zuba musu a Babban Banki, ita ma gwamnati tana karɓar rance tana biyan sama da kashi 20. To bankin da ya samu mai biyan haka ba tare da ya bi shi gida ba, me zai sa ya ba ƙaramin ɗan kasuwa a ƙasa da kashi 30? Wani maƙwabcina mai gidan burodi da ya karɓi kuɗin tanda a 2023, saƙo uku ya samu a 2024, kowanne na sanar da shi sabon zubi. Tandar ba ta ƙara faɗi ba, masu sayen burodin ba su ƙaru ba. Mai irin wannan bashin, doguwa kuma ruwanta na motsi, dole ya kasa kunne duk sanda aka ce an yi zama a Abuja, kuma wanda ya ce masa kada ya damu bai so shi ba.

Bashin ɗan yayata kuwa ba daga Abuja ake auna shi ba. Na ce ya ba ni takardar da suka ba shi. An rubuta kashi 4 da manyan baƙi, can ƙasa da ƙanana an ce a wata. Shi a ransa 4 ta fi 27 sauƙi nesa ba kusa ba. Na sake ɗaukar alli. Miliyan ɗaya, kashi 4 duk wata, wata 12: ruwa naira 480,000, zubi naira 123,000 da 'yan kai kowane wata. Ya ce to kashi 48 ke nan, da yawa, amma zai iya.

"Tsaya," na ce. "A wata na goma sha ɗaya, nawa ne ya rage a hannunka cikin kuɗinsu?"

Ya lissafa da yatsu. "Bai kai dubu ɗari biyu ba, Kawu."

"Ruwan nawa za ka biya a watan?"

"Dubu arba'in."

"Na miliyan ɗaya ke nan, wadda ka riga ka mayar musu da mafi yawanta."

Nan dabarar take. Ana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin farko har zuwa ƙarshe, alhali kai kana mayar da ita kaɗan-kaɗan tun watan farko. In aka auna da abin da ke hannunka a zahiri, wannan kashi 4 ɗin ya kusa kashi 80 a shekara. Ga kuɗin fom, ga na inshora, ga ajiyar dole ta kashi 10 da za su riƙe sai ya gama biya, ta yadda abin da zai shigo hannunsa ba zai kai naira 900,000 ba, ruwa kuwa na miliyan cur. Ba na cewa cuta ce. Bin ƙananan basussuka gida-gida yana da tsada, kuma komai a rubuce yake ga mai karantawa. Ni dai yanzu duk mai ba da rancen da na zauna da shi sai in ce a bar maganar kashi tukuna: nawa za ku sa mini a hannu, nawa zan mayar gaba ɗaya, a waɗanne ranaku? Su kuwa manhajojin bashi na waya, masu ba ka dubu ashirin na mako biyu su kwashe lambobin duk wanda ka sani, na ce masa in na ji ya taɓa su, to ni da shi ne.

Duk da haka ko kashi 80 ɗin ba shi ne babban abin da ya sa nake cewa ya dakata ba. Kalanda na nuna masa, wadda wani mai sayar mana da zare ya kawo. In ya karɓi kuɗi a Oktoba, zubin farko Nuwamba, na biyu Disamba, na uku Janairu. Wa ke sayen ƙanƙara a Kano cikin hunturu, lokacin da ake ɗumama ruwan alwala? Zubi uku, naira 370,000, za su fito daga aljihun da ba ciniki, wato daga cikin kuɗin da ya aro, ko daga wajen uwarsa, ko daga wajen garanto, wanda shi ne ni. Azumin 2026 a Fabrairu zai kama, zafi na biye da shi har saukar damina. Firizar da aka kunna a ƙarshen Janairu da wadda aka kunna a Oktoba, ko da ruwan iri ɗaya ne, sana'o'i biyu ne dabam.

Ya kawo hujjar da na san zai kawo, don ni ma na sha kawo ta: kafin Janairu firizar ta ƙara kuɗi. A 2023 da 2024 wannan magana gaskiya ce tsagwaronta. Lokacin da kaya ke tashi da kashi 30 da wani abu a shekara, wanda ya ari kuɗi a kan kashi 30 ya sayi kaya ya ajiye, kusan kyauta ya ara. Ni kaina abin da ya fitar da ni daga inji ke nan. Amma lissafin nan yana da ranar juyewa. A tambayi waɗanda suka jibge masara da gero a sito a Dawanau bayan kakar 2024, suna jiran farashi ya maimaita abin da ya yi a shekarar baya. Tun Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci, sabon amfani ya shigo, naira ta ɗan natsu, hatsi ya yi ƙasa a 2025. Wanda ya saya da kuɗinsa ya yi asara ya haƙura. Wanda ya saya da na aro, yana ji yana gani buhu na raguwa bashi na ƙaruwa.

Na kuma ce masa kafin Janairun ya leƙa bankunan da ba sa harka da ruwa. Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma abin da yake nema ya dace da murabaha: su sayi firizar, su sayar masa a kan farashin da aka tsayar, ya biya a hankali. Kada dai ya je da tunanin sadaka ake rabawa, don ribar da za su ɗora ita ma tana kallon tsadar kuɗi a gari. Abin da ya burge ni a tsarin, bayan kwanciyar zuciya, farashin da aka sa wa hannu ba ya motsi ko Babban Banki ya yi zama goma. Sannan kaya ake ba ka, ba tsabar kuɗi ba, balle shaiɗan ya raya maka ka zari dubu ɗari ka canza waya. Da a 2021 wani ya zaunar da ni ya tambaye ni wane inji, don wane kwastoma, mai yiwuwa da zanin uwargida bai yi wata huɗu a shago ba.

Muna cikin haka mai shaddar ya leƙo ya ga ko an fara. Na ɗaga masa hannun riga na ce in sha Allahu Alhamis da dare. Yaron ya ɗauki hoton lissafin allin da wayarsa kafin in goge, ya tafi bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Bayan isha uwarsa ta kira ni. Na ɗauka faɗa za ta yi, don tun muna yara take cewa na fiye maƙo.

"Me ka gaya wa ɗan naka ne? Ya dawo ya ishe ni da tambayar yaushe ne kwasata a adashi."

"To yaushe ne, Yaya?"

"Farkon Janairu. Dubu ɗari huɗu. Da ma na ce kujeru zan canza."

Na ce ai kujerun ba su karye ba. Ta ce ba ni nake zama a kansu ba. Mun dai tsaya a kan za ta ba shi dubu ɗari uku aro, ba ko sisi a kai, a rubuta da shaidu, ya fara mayarwa bayan ƙaramar Sallah. Sauran kuma, na ce in ya kawo mini sunayen masu zoɓo da kunun aya da masu shagon lemo guda goma da suka yarda za su riƙa ɗaukar ƙanƙara a wurinsa kullum, zan sa masa hannu. Jiya ya turo mini shida.